Ki Binne Ni

Sista Nuhad ta gaji, kuma ta daina ɓoyewa. Tun tana hawa matakala da gudu take shugabancin makarantar 'yan mata ta Katolika da ke kan dutse bayan garin Zahle, yanzu kuwa sai ta dafa bango.

Hanyarta ɗaya ce. Kowace shekara takan zaɓi yarinya daga ajin ƙarshe, ta danƙa mata ƙararrawar tagulla, ta koma ofis ta naɗe hannu. Faɗan 'yan aji, taron safe, tsinkar zaitun ɗin da ake raba wa tsofaffin unguwa, duk na mai ƙararrawa ne. In malamai sun kawo ƙara, sai ta ce, "Ku bar ta ta yi kuskurenta, ni ma nawa nake yi."

Kuma aikin yana kyau, abin haushin ke nan. 'Yan matan sukan fito da baki da zuciya, sai ƙasashen waje su kwashe su. Wannan tana Kanada, waccan Ostireliya, wata Dubai. Abu Tanyus mai gadi yakan tsokane ta: "Uwa, ke kike shuka, Turawa ke girbi." Takan ce masa ya je ya ji da ƙofarsa. Amma maganar tana cin ta. Guda ɗaya tak take so ta zauna, ta karɓi makarantar nan bayanta.

Bana ta sa rai a kan mai ƙararrawar, Rafƙa, 'yar mai gidan burodi, yarinya mai taurin kai wadda ta taɓa tsayar da taro ta ce wa ita Sistar ba ta yi adalci ba. Ranar Sista ta yi barci mai daɗi. Ita Sistar ce ta koya mata cewa shugaba ba ya amsa abin da ba zai iya cikawa ba.

Ranar mayar da ƙararrawa, Rafƙa ta shigo da burodi mai barbaɗen yajin za'atar, da zafinsa. Sista ta kama kumatunta ta ce, "Tuƙburni." Ki binne ni ke nan, abin da kowace uwa a nan take faɗa wa ɗan da ba ta so ta ga bayansa. Ba wanda ke ɗaukarsa da gaske. Amsarsa ita ce a yi dariya a ce Allah ya kiyaye.

Rafƙa ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ƙararrawar a kan tebur.

"Uwa, ba zan iya ba. Biza ta fito. Montreal, Kanada."

"Ke, magana ce kawai, 'yar nan."

"A bakinki ba magana ba ce kawai. Na san ki."

Sista Nuhad ta dube ta, ta rasa laifin da za ta kama. Yadda ta koya mata, haka ta yi, ko kuskure ɗaya babu.

Da yarinyar ta fita, sai ta ɗauki ƙararrawar, ta dafa bango ta sauka, ta kaɗa ƙararrawar tashi da kanta.