Mamatan Tanti Balkissa

Ni dai a aji uku na sakandare na ajiye biro na kama kitso, don haka kada wani ya tambaye ni sunan sarki wane ko shekara kaza. Abin da na sani Tanti Balkissa ce, don afatmen ɗaya muka zauna da ita a Alexandria ta Amurka, ina jin tarinta ta bango.

'Yar Tasawa ce ta Nijar. Ta biyo mijinta mai tasi a 2003, ya rasu, aka binne shi nan Virginia, ta ƙi komawa gida wai ba za ta bar kabari ba mai ziyara ba. Ranakun aiki tana wankin zannuwan gado a wani otal, Asabar ta soya cincin da dubulan na suna da biki. Sai aikinta na uku, wanda ta gada wurin uwarta, wato wankan gawa. Ko a Baltimore mace ta rasu ita ake kira. A ƙarƙashin gadonta akwai jaka da likkafani da kafur, kullum a shirye. Ni ko shara nake ba na kai tsintsiya wajen.

Abin ya faro ne a 2013, daga cincin. Tanti ta kai wa abokiyar aikinta Martina, wata 'yar Indonesiya. Martina ta shinshina ta ce wannan ai gyaɗar ƙamshi ce, daga tsibiran wajensu take, Banda. Tana ci tana ba da labari kamar hirar ruwan sama. Wai a da duk duniya can kaɗai take fitowa. Turawan Holan suka zo da jiragen ruwa suka ce su kaɗai za a dinga sayar wa. Mutanen suka ƙi, suka ci gaba da cinikinsu da wanda suka ga dama. Sai aka zo da sojoji. Aka yanka manyan gari, aka ƙone ƙauyuka, wasu yunwa ta kashe su a kan duwatsu, wasu suka faɗa teku, saura aka kwashe su bayi. Kusan shekara ɗari huɗu ke nan.

Tanti ta ce, "Wane addini suke?"

Martina ta ce, "Irin naki."

"To wa ya wanke su?"

Martina ta yi dariya, ta zaci wasa ne.

Da Tanti ta dawo gida ranar, ko mayafi ba ta cire ba, ta ɗauki kwalbar gyaɗar ƙamshi ta jefa a shara. Na ce, "Tanti, lafiya? Jiya fa kika saya!" Ta ce, "Tayyiba, shekara talatin ina goga ƙashin mutane a ƙullu ban sani ba."

Ga shi kaka ta shigo, lokacin da Amurkawa ke haukacewa da wannan ƙamshin. Kofi shi, burodi shi, har kyandir. Ba inda za ta ɓuya. Ta fara cewa tana ganin mamatan Banda. Ba a mafarki ba, da rana tsaka. A tashar jirgin ƙasa ta Van Dorn tana ganinsu tsaye can ƙarshen dandamali, jiƙe sharkaf, mata da goyo, ba sa magana, suna dai kallon hannunta. Na ce mata ciwon kai ne, ta je asibiti. Ta ce ta san kallon, haka dangin mamaci suke kallonta in ta shigo gida da jakarta.

Ta daina suya. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Wata Asabar na shigo kicin na tarar ta jera robobin ruwan ɗumi a ƙasa, ta tsuguna ta naɗe hannun riga tana jira. Jiransu take su zo ta wanke su.

Ta sami Malam Rilwanu, mai limanci a inda muke sallar Juma'a. Ta ce a yi musu sallar gawa. Ya ce, "Hajiya, ba gawa, ba suna, ba kabari. Mu a wajenmu ba a yi." Ta ce, "Allah gafarta Malam, su suka zaɓi rashin kabarin?" Ya ce ta yi musu addu'a a ranta, ta isa. Ta ce ta yi, ba su tafi ba.

Sai ta yi abin da ya tayar da ƙura. Ta kira Hajiya Furera, mai babban gida a Upper Marlboro, ta ce, "An yi mini rasuwa." Kun san mu. Ba wanda ya tsaya tambayar wa, sai waya ta kama aiki. Ranar Lahadi ɗakin ƙasa na Hajiya Furera ya cika, an shimfiɗa darduma, kulolin waina da shinkafa har bakin ƙofa. Nas-nas sun musanya ranar aiki, direbobi sun ajiye mota. Kowa ya tsuguna ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai."

Can wata ta ce, "Wai ni yayarki ta Tasawa ce ta rasu?"

Tanti ta gyara zama ta ba su labarin Martina tsaf, har da masu faɗawa teku. Wani injiniya ya miƙe yana neman takalminsa. Hajiya Furera ta ce, "Haba Balkissa, shekara ɗari huɗu? Daga College Park fa mutane suka taso!"

Ni bakina ba ya shiru. Na ce, "Hajiya, lokacin da kika rasa ƙanwarki wa ya tsaya a kanta cikin sanyi? Ta tambaye ki daga ina ta taso?" Aka ce in rufe baki, ba ni da kunya. Na rufe, amma na riga na faɗa.

Sai Baba Ɗan Azumi, wani tsohon direba ɗan Damagaram, ya ce, "Mun riga mun zo, abinci ya riga ya dahu, kuma mutanen sun riga sun mutu. Malam, bisimilla." Malam Rilwanu ya ɗaga hannu. Aka yi ƙulhuwallahu, aka yi salati, ya roƙa wa musulmin Banda gafara, maza da mata da jarirai. Tanti ba ta rufe ido ba, tana kallon matakala, kanta na bin wani abu a hankali daga ƙasa zuwa sama, kamar mai raka baƙi. Da aka shafa ta ce, "Sun fita."

Ta koma cin abinci, ta koma suya, amma da citta kawai. Masu biki suka yi ƙorafi, ta ce wanda bai so ya soya da kansa.

Bayan kamar wata biyu muna kicin da hantsi, tana daka yaji, sai ta tsaya da taɓarya a hannu. Ta ɗebo barkono a tafinta tana juya shi.

"Tayyiba, duba mini a wayarki. Shi kuma wannan daga ina ya zo?"

Na duba. Daga wannan ɓangaren duniyar ne da muke zaune, jiragen Turawa suka kwaso shi, kuma abin da ya sami masu shi na karanta layi uku na kife wayar. Ta ƙura mini ido. Bayanta akwai taga, ni kuma na ƙi kallon tagar, kada in ga masu barkonon a tsaye.

Na ce, "Daga Kano, Tanti. A gonar kakana ma akwai shi."

Sannan ta zuba shi a turmi ta ci gaba da daka, amma a hankali.