Kwamfutar da ke Zana Giɓina

Na taɓa ƙulla gaba da kwamfuta, kuma ita ta ci ni. Wautar tsoho ta fi ta yaro muni, don da gemu ake yin ta.

Autata ce ta koyo katun, zanen nan mai motsi. Ta shirya wani a kan ajiyar wake, ta sa tsoho a ciki. Da ta nuna min hotonsa a waya, sai ga ni: hular, kunnuwan, har giɓin da jaki ya yi min a Maruta. Kuma a Gwaram za a haska, gaban abokan wasana, mutanen da ko tuntuɓe na yi sai ya shekara a bakinsu.

Kunya ta hana ni roƙonta ta toshe giɓin, amma na bi ta Birnin Kudu. A wani shago ta jera kwamfutocin aro, ta ɗaure kowacce da shuɗiyar waya zuwa wani ɗan akwati mai ƙyafta ido. Ta ce guda ɗaya sai ta yi wata tana zanen, shi ya sa wata babba a cikinsu ke raba musu aiki, kowacce ta gama nata ta mayar.

"Wato kowacce da kunyarta, kamar gayya?"

"Haka ne, Baba."

Ni da ko firamare ban ƙarasa ba, nan take na yi lissafi: ashe akwai mai zana baki. Na zagaya, na kama ta, wata baƙa kusa da ƙofa, ga bakina wangame a fuskarta. Yarinya na fita sallar la'asar na zare shuɗiyar wayar baƙar kwamfutar, na zauna ina ɓare gyaɗa kamar mutumin kirki.

Can sai bakin ya ɓullo a ta kusa da ita. Na zare. Ya koma ta gaba. Ban san babbar na miƙa wa wata aikin duk wadda ta yi shiru ba. Na yi ta zara har saura ɗaya, tana nishi, tana zana giɓin a tsanake.

Autata ta shigo ta tarar da wayoyi a hannuna. Ta dubi allon, ta dube ni, ta karɓe su tana mayarwa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, in haƙora kake so, yanzu zan sa maka. Amma fa kada ka yi fushi in aka haska ba wanda ya gane ka."