Tsattsewar da Kawu Nayukok Ya Gani

Ranar Talata, 19 ga Agusta, labari ya iske ni a bakin teku cewa ka rasu, Kawu Silas Nayukok, daidai lokacin da dinya ke taruwa a fadama za su yi kudu.

Kai ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, ƙanwarka. A bayanka na koyi taka fadama ba tare da na tashi tsuntsu daga kan ƙwai ba. Ba ka taɓa dawowa daga farauta ka shiga gida ba sai ka bi ƙofar tsofaffi da rabonsu. Baƙin da ke zuwa kallon tsuntsaye duk ƙarshen bazara kuwa, shayinka da busasshen kifinka suka sani kafin su san garin.

Amma akwai abin da ke cina. Bara ina yi maka tafinta a gaban baƙi shida, ka ce ka ga tsattsewa tana gina sheƙa a tsohuwar rumfar kifi. Ni da na yi karatu a birni, na san littafin tsuntsaye ya ce ba ta zuwa nan ƙasarmu ta arewa mai ƙanƙara. Na yi dariya, na ce musu da Turanci idon tsoho ya fara gajiya. A wurinmu ba a ƙaryata babba a gaban mutane, kuma ashe kana jin Turancin.

Ka ce, "Ɗana, zuba musu shayi, yana hucewa."

Bayan kwana huɗu na ga sheƙar da idona, har da 'ya'ya uku a ciki. Shekara guda ina wuce ƙofarka, kunya ta hana ni shiga in faɗa maka. Kai kuma ba ka fasa aiko mini da naman barewa ba.

Jiya jikarka ta haihu, aka sa wa jaririn sunanka. A al'adarmu wanda ya ɗauki suna ya ɗauki mai shi, don haka Kawu nake kiransa. Na karɓe shi a gaban kowa, na ce, "Kawu, ka ga tsattsewar, ni ma na gan ta. Ka yafe mini." Barci yake yi, bai ko motsa ba.

Allah ya jiƙanka, ya ba ka hutawa. Inna Rhoda, matar Kawu, ke da 'ya'yanki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ku ma ku yafe mini.