Yaya Zhanlin, Ni Na Yi Jinkiri

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran yayana Mu Zhanlin a gidansa da ke birnin Guyuan na ƙasar Sin, yana da shekara hamsin da takwas.

Yaya, mutanen gari sun san ka a matsayin mai jan taliya a shagonka na bakin tasha. Sun san direban da ya shigo da sanyin safiya ba ya fita sai ka ƙara masa romo ko bai nema ba. Ni abin da na sani ya wuce haka. Da Baba ya rasu kai ka ajiye littattafanka ka kama kwaɓin fulawa, ka ce kai ɗaya ya isa ya yi karatu a gidan nan, kuma nawa ya fi naka girma. Da na zama likitan tiyata mai aikin dubura, ka yi dariya har da hawaye, ka sa mini suna Likitan Ƙofar Baya. Da shi kake kirana ko a gaban liman.

Shekara biyar da suka wuce ka zo ofishina kana tafiya a karkace, ka ƙi zama. "Autan Inna," ka ce, "yau dai sana'arka ta iso gida." Na duba, na ga maruru ya fashe ya bar huji yana yoyo. Na ga irinsa ɗaruruwa. Na yanka, na wanke, na ce wata guda ka warke. Bai warke ba. Na sake yi maka aiki, na ɗora laifin a kan barkono da tsayuwar da kake yi yini guda.

Matarka Yulan ta tare ni a tsakar gida, ta ce, "Likita, ka dubi wuyan mutumin nan mana. Kullum yamma sai zazzaɓi, rigarsa sharkaf da gumi. Wannan ba ciwon baya kaɗai ba ne." Na ce da ita aikin asibiti ba girki ba ne. Haka na faɗa, kana ji. Ka ce mata, "Rabu da shi, ya fi mu sani."

Ban fi ku sani ba, Yaya. Mugunyar tsararo ce kamar ruwan shinkafa, bakin ciwon ya ƙi haɗewa, kana ta ramewa. Duk na karanta wannan a makaranta. Amma ba ka tari, ni kuma ban so a ce ɗan gidanmu yana da tarin fuka ba, sai na ƙi tunaninsa. Ko ɗan guntun tsoka ban aika ɗakin gwaji ba. Wata goma sha tara na ɓata maka.

Yulan ce ta kai ka babban asibitin birnin Yinchuan ba da sanina ba. Wata likita da ba ta kai ni shekaru ba ta yanki tsokar ta aika gwaji, ta sa aka ɗauki hoton ƙirjinka. Cikin mako guda sakamako ya fito: tarin fuka ne ya ci duburar, kuma ya riga ya huda huhunka na dama. Da na zo ka miƙo mini hoton kana murmushi, ka ce, "Kai kana gadin ƙofar baya, ɓarawo ya shiga ta gaba." Na kasa ɗaga kai.

Ka sha ƙwayoyin maganin tarin fuka kowace safiya ba fashi, kana tsokanar fitsarinka da maganin ya mayar ja. Cikin wata biyu ciwon da na yanka sau biyu ya rufe da kansa. Huhun ne bai dawo ba. Ƙarancin numfashi ya hana ka jan taliya, ka bar wa 'yarka Xiulan shagon, ka koma zaman kujera kana gyara mata hannu. A ƙarshe jini ya ɓalle daga tsohon tabon da ke huhun, kafin in iso ka cika.

Sau da yawa na zo da niyyar neman gafararka, sai ka sa a zubo mini shayi, ka canza zance. Na bari ka canza, domin ya fi mini sauƙi. Yau ina faɗa a rubuce: na yi kuskure, girman kai ne ya jawo, ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Xiulan da ƙannenta, da duk dangin Mu. Yaya Yulan, Allah Ya ba ki haƙuri. Ke kika gani tun farko, kika faɗa, na wulaƙanta ki. Idan kin yarda, zan zo in durƙusa a gabanki.

Mu Zhanhe