Hannun Matar Dakta

Da asuba, tun kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Dakta ya riga ya tsaya a tsakar gida, hannuwa goye a baya, yana koya wa matarsa hura gawayi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana hura gawayin dutsen guga, amma kullum sai ya tsaya a kanta.

"Manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ta gefe ake ba shi iska."

Ko kai ba ta ɗagawa. Ta fifita, wuta ta kama, shi kuma ya ce, "Kin gani ko?" ya koma ɗaki ya ja bargo.

Ba likita ba ne. Shekara ashirin da takwas ya yi a ɗakin kati na wani asibiti, yana zaro katin marasa lafiya daga kanta yana miƙawa ta taga. Ko allurar ɗinki bai taɓa riƙewa ba. Da ya yi ritaya sai ya dawo unguwa da wata tsohuwar farar riga da ba a san inda ya tsinto ta ba, da littafi mai baƙin bango. Don zolaya aka fara ce masa Dakta. Ya dinga amsawa da gaske har masu zolayar suka gaji, sunan ya zauna.

Littafin cike yake da dabarun gida. Lemun tsami da gishiri na fitar da tsatsa daga farin kaya. Jini a tufa, ruwan sanyi ake sa masa, na zafi kama shi yake yi. Toka na goge bayan tukunya. Gawayi a kusurwar akwati na shanye warin ruma. Mata kan tsaya a ƙofar gida su tambaya, ya buɗe littafi, ya lashi yatsa, ya karanta musu kamar mai yanke hukunci.

Mutum ɗaya ne a unguwar ya san asalin littafin, wato ƙanin matar, wani mai walda da ake kira Tartsatsi saboda tabon wuta da ya cika masa damatsa. Tartsatsi ya san duk dabarar da ke aiki a cikin littafin nan daga hannun yayarsa aka kwafe ta. Tana aikinta shiru, mijin yana leƙe, yana rubutawa, washegari ya faɗa wa mutane a matsayin tasa. Waɗanda ba sa aiki kuwa, a motar haya ya tsinto su. Shi Daktan bai san bambancin ba, don bai taɓa gwada ko ɗaya da hannunsa ba. Ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗaurayewa.

Gidan kuwa hannun matar ne ke riƙe da shi, na dama. Da shi take wanki, da shi take matsa, da shi take guga. Rigunan malaman makaranta, kayan aikin direbobi, da zannuwan gado na wani masauki da ke bakin titi, duk ta hannun nan suke bi. Fanshon Dakta ba ya ganin tsakiyar wata.

Wata Litinin da hantsi ta ɗauko tukunyar sitaci daga kan wuta, mariƙin ya ɓalle, tafasasshen sitaci ya kwarara mata a hannun dama tun daga wuyan hannu har yatsu. Ta yi ƙara ta nufi famfo. Dakta, wanda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ya sha gabanta.

"Kul! Ruwa ne ke tayar da ƙuna. Zauna nan."

Maƙwabta suka cika gidan, abin da ya daɗe yana jira ke nan. Ya sa farar rigarsa. Ya matse man goge baki ya shafe hannun, ya fasa ƙwai biyu ya zuba farin, ya aika aka ɗebo baƙin mai daga janaretan mai shago ya ƙara a kai. Sannan ya lulluɓe da auduga, ya yage tsohon zane ya ɗaure tamau. Yana yi yana bayani: man goge baki na sanyaya, ƙwai na haɗa fata, baƙin mai na kashe ƙwayoyin cuta. Wata tsohuwa ta ce ko a kai ta asibiti. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ga asibiti a gabanki."

Ba wanda ya gaya wa Tartsatsi. Sai ranar Alhamis da ya kawo kayan aikinsa wanki ya tarar da ƙullin kayan mutane jibge a bakin ƙofa, igiyar shanya babu ko tsumma. Tun daga bakin ɗaki wari ya tare shi. Yayarsa na zaune a gefen gado, hannun a kan matashi, leɓɓanta sun bushe, jikinta kamar garwashi. Yatsun da suka leƙo daga ɗaurin sun kumbura sun yi baƙi.

"Yaya, me ya sami hannun?"

"Sitaci ne. Yana sauƙi."

"Wa ya ce yana sauƙi?"

Ta dubi ƙofa. Dakta ya shigo da littafi a hammata.

"A'a, ƙanina, kai ne? Kar warin nan ya tsorata ka, dafin ne ke fita. Mu da muka yi aikin asibiti..."

"Kai da ka yi aikin kati."

"Ka ji yaran zamani! Ina ruwan mai ƙona ƙarfe da sha'anin jikin mutum?"

Tartsatsi ya naɗe hannun riga ya miƙa masa damtsensa. "Ƙirga. Kowanne a nan wuta ce, kuma kowanne famfo na kai shi. Kai nuna mini naka guda ɗaya, Dakta. Ko na ashana."

"Ilimi ba a fata yake ba."

"Naka dai ba a ko'ina yake ba. Yaya, sa mayafinki."

Dakta ya tare ƙofa. Ya ce asibitin yanzu yara ne a ciki, ba abin da suka sani sai yanka. Ya ce kwana bakwai maganin ke buƙata, yau huɗu. Tartsatsi ya tsaya yana kallonsa, sai ya gane. Asibiti ɗaya ne a kusa, kuma a nan ne Dakta ya yi aiki. A can babu mai ce masa Dakta. Mutumin ya gwammace hannun matarsa ya ruɓe a kan matashi da a ji yadda ake kiransa a can.

Matar ba ta motsa ba. "Malam ya ce kar na je."

"Hannun nasa ne? In suka yanke shi, da bakinsa zai yi miki gugar?"

Ta dubi ƙullin kayan da ke bakin ƙofa, ta dubi yatsunta, ta gwada motsa su, suka ƙi. Ta miƙe ta ja mayafi da hagu.

"Matsa, Malam."

Tartsatsi ya goya ta a babur. Dakta ya biyo su a tasi. A bakin ƙofar asibitin ya tuɓe farar rigar, ya naɗe ta ƙanƙanuwa, ya cusa a hammata tare da littafin.

Wata tsohuwar nas ce ta kwance ɗaurin. Audugar ta shige cikin nama, ta zama ɗaya da shi. Da hantsaki ta dinga cire ta zare-zare, fiye da awa guda, matar tana cije gefen mayafi, Tartsatsi na riƙe da kafaɗarta.

"Baiwar Allah, wane maƙiyinki ne ya yi miki wannan? Baƙin mai! Ke inji ce?"

Nas ɗin ta waiga, ta hango mutum a bayan labule yana karanta takardar bango da dukkan hankalinsa.

"A'a! Baba Mai Kati! Kana nan da ranka? Kar dai matarka ce?" Ta ajiye hantsakin. "Shekara nawa masu ƙuna suna wucewa ta gaban tagarka, ko sau ɗaya ba ka leƙo ka ga abin da muke yi musu ba? Da famfo kuka sakar mata na minti ashirin, kuka rufe da tsumma mai tsabta kuka kawo ta, da sati biyu ta koma aikinta."

Dakta ya ce shi ma abin da ya so a yi ke nan, maƙwabta ne suka rikita shi.

Kwana tara ta yi a kwance. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu a gida da sai dai a cire hannun. An ceto shi, amma fatar ta ja, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka sandare, ba sa lanƙwasuwa. A cikin kwanakin nan Dakta bai taɓa kawo mata ko ruwan zafi ba. Yana dai zuwa, ya zauna a barandar masu jinya, ya gaya musu shi ya ba ta taimakon farko. A unguwa kuma cewa yake asibiti sun ƙarasa abin da ya fara ne.

Da ta dawo gida rabin masu kawo wanki sun koma wani wuri. Masaukin bakin titi ne kawai suka ce za su jira ta sati biyu, in ta wuce haka su ma su nemi wata. Tartsatsi bai yi mata dogon jaje ba. Ya ɗauki dutsen gugar ya tafi da shi shago, ya yanke mariƙin, ya yi masa sabo mai kauri wanda yatsu uku za su iya kamawa, ya naɗe da katako. Ta gwada a kan wata tsohuwar riga, ya yi. Wanki ma ta koya wa hagu. Matsa ce ta gagara. Zanen gado jiƙaƙƙe sai hannu biyu masu ƙarfi, ita kuwa ɗaya da rabi gare ta. In ba a matse ba ba ya bushewa a yini, in bai bushe ba babu guga, in babu guga babu masauki.

Ranar da Tartsatsi ya kawo tukunyar sitacin da ya gyara wa mariƙi, ya tarar da abin da bai taɓa gani ba tun da aka yi auren nan. Yayarsa na tsaye a bakin famfo da bakin zane ɗaya a hannu, Dakta na riƙe da ɗaya bakin, ya miƙe hannuwa nesa da jikinsa kamar an ba shi mushen kare.

Ta murɗa dama. Maimakon ya murɗa nasa gefen su yi gaba da juna, sai ya bi ta. Zanen ya juya a iska, ko ɗigo bai sauka ba.

"Ɗaya gefen, Malam."

"Na sani. Sassauta shi nake yi tukuna."

Ta sake murɗawa, ya sake bin ta.

Tartsatsi ya ajiye tukunyar ya fara naɗe hannun riga.

"Bar shi," in ji ta, ba ta ko dube shi ba. "Zannuwa goma sha biyu ne. Ko zuwa la'asar ne sai ya koya."

Wata maƙwabciya ta leƙo ta ƙofa da ƙwarya a hannu, ta tsaya kallo. Dakta ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

"Kin ga, sirrin matsa shi ne kar a yi wa zane ƙarfi. Zarensa ke tsinkewa. Lallaɓa shi ake yi."

Matar ta murɗa a karo na uku, jijiyar wuyanta ta tashi. Dakta ya juya nasa bakin ya bi ta, a hankali, da yatsu biyu, fuskarsa tana wajen maƙwabciyar.