Ranar da Gwaggo Hajo Ta Shanye Hurar Baba

Ƙarfe goma da rabi na safiyar Laraba Gwaggo Hajo ta cika, a ɗakinta, a ƙauyenmu da ke kusa da Allakaye. Mu huɗu ne a wurin: ni, da ɗanta Idi, da ɗiyata Hajara, da jinjirin da Hajara ke goyo. Da gangan na sa jinjirin cikin lissafi, don shi ne na ƙarshe da Gwaggo ta mintsina a duniya. Zan zo kan wannan. Ni ba na son zance a hargitse, komai da wurinsa.

Gwaggo yayar baban mijina ce, kuma kowa Gwaggo yake ce mata, har ɗan da ta haifa. Duk wadda ta yi goyo a garinmu ta san ba ta gaida mai jego. Kina cewa "Ina kwana, Gwaggo?" hannunta na kan cinyar ɗanki. Sai ta mintsina ta ji ko ya yi tsoka, yaro ya tsala ihu, sannan ta ɗago ta dube ki ta ce, "Mi kinka ci?" Gaisuwarta ke nan. In kin ce tuwo, ta ce da wace miya. In kin yi ƙarya, ta bi ki gida ta buɗe tukunya.

Ga ta da rowa, kai jama'a! Tsinken ashana biyu take tsaga shi. In ƙwayar gero ta faɗi ƙasa, ita da kaji ake tsere. Amma tana da wata ƙwarya guda ta hura, da nonon akuyarta da garin ƙuli-ƙuli a ciki, wadda ba mai taɓa ta sai mai shayarwa. Shekarar da Idi ya dawo daga Abijan, bayan ya daɗe bai ga gida ba, ya tarar tana damawa. Ya zauna yana haɗiyar yawu.

"Gwaggo, a ɗan sam mini."

"Ɗaga riga."

"Rigar mi?"

"Ɗaga in gani. In kana ba da nono, in dama maka."

Ruwan randa ya sha, da sabon agogonsa da komai.

To, yanzu na zo kan nawa. Ɗana na uku, Isuhu, yana wata takwas na gane ina da wani ciki. Kwanika ke nan, kuma kun san bakin matan rijiya. Wannan bai dame ni ba kamar abin da Inna, uwar mijina, ta yanke. A wurinmu an ɗauka nonon mai ciki ya ɓaci, in yaro ya sha zai yi zawo ya lalace. Don haka Inna ta ce ranar nan za a shafa mini maɗaci a nono, a ɗauki yaro a kai shi Bangi wurin mahaifiyata. Lokacin bazara ne, rumbu ya yi ƙasa, kuma Isuhu bai iya cin komai ba sai ɗan kunu da yake furzarwa. Shekarar da ta wuce haka aka yi wa ɗan maƙwabciyata. Bai ga kaka ba.

Ban iya yi wa Inna musu ba. Kuma ba mugunta ce ta sa ta ba, ita ma jikanta take jiye wa tsoro. Don ta nuna mini gaskiyarta, ta sa na tatsa nono a ludayi, ta kamo tururuwa ta zuba. Haka ake gwaji: in sun fito, nono na da kyau, in sun mutu, ya ɓaci. Muka sunkuya muna kallo. Suka yi ta motsi, suka yi shiru.

"Kin gani da idonki," in ji Inna. "Ɗauko zanen goyo."

Nan Gwaggo ta shigo, ba sallama. Ta mintsini Isuhu, ta tambaye ni abin da na ci, sannan ta leƙa ludayi.

"Wa ya kashe bayin Allah?"

Inna ta yi mata bayani. Gwaggo ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Daidai nan an aje hurar Baba, surukina, a bakin zaure, an rufe da faifai, yana alwala. Gwaggo ta tafi ta ɗauko ƙwaryar, ta kamo tata tururuwar ta zuba. Hura mai kauri, ina za su fita? Ko motsin kirki ba su yi ba.

Sai ta ɗora hannu a ka, ta dubi Inna. "Wayyo ƙanena! Aisa, ashe hurar ga ma ciki gare ta?"

Baba ya shigo yana tambayar abin da ya faru.

"Mamman, Allah ya tsare ka yau. Hurarka ta ɓaci, an gwada. Ni na tsuhwa, bari in mutu a madadinka."

Ta tsame tururuwar da yatsa, ta kafa kai, ba ta sauke ƙwarya ba sai da ta ga gindinta. Ta yi gyatsa, ta zauna a turmi ta ce a jira a ga faɗuwarta. Baba ya tsaya da buta a hannu. Inna ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata, har ta riƙe bango. Ranar ba a je Bangi ba. Baba kuma da yunwa ya tafi masallaci.

Amma in faɗi gaskiya yadda take: nonon ya ragu. Da cikin ya yi nisa, yaro zai kama ya saki yana kuka. Gwaggo ba ta musa ba. Ta ce, "Ragewa ya yi, ba ɓaci ya yi ba. Tahi mu tai likita." Na ce mu hau kabu-kabu. Ta ce Allah bai ba ta ƙafa don ado ba. Da ƙafa muka je, ita ke goye da yaro.

Madam mai awon ciki ta duba ni, ta ce tunda lafiyata lau, in ci gaba da ba shi, in ƙara masa kunu mai kauri da ƙuli-ƙuli da garin zogale, ni kuma in ci abinci fiye da da. Gwaggo na ta gyaɗa kai.

"Yarinya, wa ya koya miki wanga?"

"Lakwal, Gwaggo, makarantar boko."

"To, lakwal ta yi ƙoƙari."

Sai madam ta tambayi abin da ake sa mini a kunu. Gwaggo ta ce kanwa, da alfahari. Madam ta ce a daina, ba ta dace da mai ciki ba. Wai wai! Gwaggo ta juya, muka kamo hanyar gida daga Allakaye. Muna isa ta kwance ƙullin kanwar ta kai wa jakinta, tana cewa, "Ci, kai ba ka zuwa awo." Amma ba ta sake sa mini ba. Wannan hali nata nake so a riƙe: tana gardama, tana kuma ji.

Daga nan ta ɗora mini doka. Da safe kunun yaro, sannan nono. Da hantsi ƙwaryar nan tata, tawa ce. Ba ta aiko ta, da kanta take kawowa, ta zauna a bakin ƙofa da sanda har in shanye. Wata rana maigidana ya dawo daga gona ya miƙa hannu. Ta doke hannun.

"Kai ka gama naka aikin, shi muke gyara. Tahi!"

Ya fita bai waiwaya ba.

Akuyar nan tata guda ce. Sai daga baya Idi ya gaya mini duk watannin nan gaya Gwaggo take sha, hura ba nono. Ba ta taɓa faɗa ba.

Isuhu ya sha har ya saki da kansa, kafin in haihu. Na haifi mace, Baba da kansa ya ce a sa mata Hajara, sunan Gwaggo na yanka. Isuhun yau shi ke ɗaukar buhun albasa shi kaɗai, kuma har bara in ya durƙusa gaishe ta, sai ta kai hannu cinyarsa ta ce, "Da saura."

Yanzu na dawo ranar Laraba, kamar yadda na yi alkawari. Tun asuba ba ta magana. Hajara ta matso kusa da ita da jinjiri a cinya. Sai muka ga hannun nan yana lalube a kan tabarma. Ya sami ƙafar yaro, ya hau, ya mintsina. Ba ƙarfi, yaron ko motsi bai yi ba. Ta buɗe ido ta dubi Hajara.

"Mi kinka ci?"

"Tuwo da miyar kuka, Gwaggo, da hura."

"Ƙara."

Bayan wannan sai kalmar shahada, Idi na faɗa tana bi.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hajo, ya yafe mata hurar Baba, ya shayar da ita daga abin da ya fi wanda ta hana kanta. Amin.

Roƙona gare ku biyu ne. Na farko, wanda ya karanta wannan ya yi mata Ƙulhuwallahu. Na biyu, in kun ga mai goyo da sabon ciki, kada ku tsaya kallon cikinta. Ku tambaye ta abin da ta ci, in amsar ba ta gamsar da ku ba, ku koma gida ku damo mata.