Warin da sai mai sujada ke ji

Na dawo unguwarmu Nima ne bayan ƙarfina ya ƙare a yawon duniya. Na yi dako a Abidjan, na wanke tukwane a Jidda, na gasa nama a Jamus, na iya harsuna da dama, amma ban dawo da komai ba sai ciwon gwiwa. Ɗan marigayi yayana, wanda gidanmu na gado ke hannunsa, ya ba ni ɗakin ƙurya, wanda ya fi kowane ɗaki gangarowa ƙasa. Kullum yakan tuna mini alfarma ce.

Da ya so fara sayar da tsire, sai ya kira magini ya gina masa murhun gasa nama mai aiki da gas, jingine da bangona. Saboda ɓarayi, suka rufe tukunyar gas ɗin cikin akwatin siminti da ƙofar ƙarfe, ko kafar iska babu. Na ce masa duk inda na ga irin wannan murhu, ana nisanta shi da ɗakin kwana, ana bar masa tagogi ta ƙasa, don gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi kamar ruwa. A gindin bangon kuwa akwai ramin da ruwan alwalata ke fita. Ya yi dariya, ya ce Baba Bature ya fara lacca, in Jamus ta fi daɗi ai ba a rufe hanyar filin jirgi ba.

Ba a jima ba na fara jin warin gas, amma sai in na kai goshina ƙasa. Na kira matarsa, ta tsaya bakin ƙofa ta shaƙa, ta ce ita warin tsufa kaɗai take ji. Shi kuma ya ce in na sake kora masa masu saye da surutu, akwai masu neman ɗakin haya. Na ji tsoron kwana a barandar masallaci, na kama bakina.

Wata magariba na durƙusa na ƙyasta ashana don kunna maganin sauro. Wuta ta bi daɓen kamar an shimfiɗa ta, ta cinye tabarma da fatar ƙafafuna. Ina kwance a asibiti ɗan yayan nawa ya zo, bai ko zauna ba, ya ce ya gaya wa unguwa tsohon ya ruɗe yana wasa da ashana. Kafin a sallame ni, ɗakina ya zama ma'ajiyar nama.

Yanzu a barandar da na ji tsoro nake kwana, a zaune nake salla. Duk mai gina irin wannan murhu ya bar wa gas hanyar fita, ya kuma duba wa ke kwana bayan bangon. Wanda kuma ya ji wari, ya yi ta ihu ko za a kore shi. Ni na yi shiru don in tsira da ɗaki, ga shi ba ɗakin, ba ƙafafun.